Rasuwar Doguwa, Mai Rufa wa Maigida Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido ya yi ja, Maigida, tsohon telan layinmu, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Doguwa, bishiyar nan mai ganye kamar allura da ke tsakanin tagar kicin da bencinsa. Ta rasu a tsaye, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya mai sutura ce. Rani da damina ba a taɓa ganin ta tuɓe ganye ba. 'Ya'ya dai ba ta bayarwa, inuwarta ko akuya ba ta isa, amma tun ranar da likita ya raba Maigida da sukari ita ta tsaya tsakaninsa da idon Uwargida. Shekara bakwai yana shan shayi mai cokali huɗu a bayanta, ba a taɓa jin bakinta ba sai "shuuu" idan iska ta taso.

Ajali ya zo ta hannun masoyi. Maigida ya ga ta yi ƙiba tana tare hanya. Mai sayar da dashe ya ja masa kunne cewa irin wannan ba a yanke ta har tsohon itace, don ba ta sake toho. Mutumin da ya shekara arba'in da almakashi kuwa, wa zai koya masa yanka? Ai darbejiya ma ana yi mata aski ta dawo. Ya aske ta tas. Wata uku yana yi mata ban ruwa da ban haƙuri, ita kuwa sai ƙara bushewa. Tun makon farko Uwargida ta hango kofin shayin ta tsakanin rassa, gwangwanin sukari ya riga marigayiya tafiya.

Ta bar kurciyoyi biyu ba matsuguni, da Maigida, wanda yanzu ko hamma ya yi ana gani daga kicin. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga shi ba wanda zai ɗora wa laifi.

Za a sare ta ranar Asabar da hantsi, a kai itacen gidan burodi. Zaman makoki a kan benci ne, Uwargida ce za ta haɗa shayin. Bayan nan a dasa magajiyarta, mai tsawon kamu ɗaya, wadda mai dashe ya ce za ta rufe taga nan da shekara tara. Maigida yana da shekara saba'in da huɗu. Ana roƙon addu'a.