Ranar da Na Rina Baƙin Bishara

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rina baƙinmu ba. A shekarar da sojoji suka koma bariki ne, lokacin da baƙin waje suka fara sakin jiki da shigowa ƙasar. Ɗariƙun Kirista na Kano suka haɗa kai, suka gayyato 'yan'uwa daga Koriya da Kenya da Brazil, don a tattauna yadda za a taimaki juna a aikin bishara. Aka kuma ce matashin da ya fi ƙwazo a kwamitinmu na shirya taron shi za a tura taro na gaba a Nairobi. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, tuni na fara jin ƙarar jirgi a kunnena.

Da aka zo maganar tsarabar baƙi, Rabaran Bitrus, shugaban kwamitin, ya ce so yake kowa ya yafa mayafi iri ɗaya, a ga mun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Caraf na ɗaga hannu, na ce a bar mini, ai ni ɗan birni ne. (Gaskiyar magana, shekara biyu kacal na koyar a wata firamare wajen Ƙofar Kabuga, kullum kuma a Sabon Gari nake kwana.)

Na shiga birni wurin wani dattijon marini, Malam Sule. Ya baje mini kaya, amma idona ya maƙale a kan wani baƙin zane mai sheƙi kamar an shafa masa mai.

"Malam, wannan turkuɗi ne, na Buzaye," in ji shi. "Shuni ake bugawa a jikinsa, yana zuba. Ga wankakke nan, shi ya dace da baƙi."

Na yi murmushin masana. A raina na ce kwantai yake so ya liƙa mini. "Baba, mu ma 'yan gida ne, mun san kaya."

Ya dube ni, ya dubi hannuwansa da suka rine har gwiwa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Haka na kwaso turkuɗin. Ranar rufe taro aka raba mayafan. Kowa ya sha fararen kaya (wannan ma shawarata ce, wai don hoto ya yi kyau). Muka kai baƙin Goron Dutse su hango birni daga sama, da rana tsaka, ana zabga zafi. Kafin mu kai sama kowa ya jiƙe sharkaf, kuma da mayafin kowa yake share gumi. Ni ina gaba ina zuba tarihi, ban ko waiwaya ba.

A can sama Rabaran ya ce mu riƙe hannuwa, mu rufe ido, a yi wa ƙasa addu'a. Da aka ce amin na buɗe ido, sai me zan gani! Faston Koriya ya koma shuɗi daga goshi har wuya. Baƙuwar Brazil ta samu gashin baki. Farar rigar Rabaran, wadda yake ji da ita, sai ka ce an tsoma ta a bula.

Rabaran ya juyo a hankali. "Ɗan birni, zo ka yi mana bayani."

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma a kan dutse muke. Da kunya ta rufe ni, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai haka al'adar take."

"Al'adar wa?"

Faston Koriya ne ya cece ni. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi na ɗan Kenya, ya fashe da dariya har da hawaye. Mai yi masa tafinta ya ce cewa yake kwana uku ana neman abin da zai haɗa mu, ga shi a rabin sa'a mun zama launi ɗaya. Kowa ya dara, ban da ni da Rabaran. A haka aka ɗauki hoton, ya kuma zaga ƙasashe uku.

Nairobi kuwa, wani aka tura. Ni na raka shi filin jirgi, ina riƙe masa jaka.

Mako guda da rufe taronmu na bi ta wurin Malam Sule. Bai ce ai ya faɗa mini ba. Kallon wuyana kawai ya yi, ya ce, "Sannu ɗan gida. Yaya baƙi?"

Tun daga ranar, in mai shuɗin hannu ya ce mini abu yana zuba, bakina nake kamawa in karɓi wankakke.