Rasuwar Alhaji Dakata, Tsohon Tsarin Kwamfutar Baba Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, Baba Mai Hoto, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da tsofaffin kwastomomi rasuwar amininsa kuma abokin sana'arsa, Alhaji Dakata, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin falo, bayan doguwar jinya.

Domin kada masu ta'aziyya su shigo su ga kwamfuta na aiki su ce an yi musu ƙarya, ana bayyana cewa akwatin yana nan lafiya lau, haka allon da kibod. Wanda ya rasu shi ne tsarin da ke ciki, wato babbar manhajar da ke tayar da na'urar, ta buɗe hotuna, ta yi wa firinta magana. Gangar jiki tana nan, rai ne aka sauya.

Marigayin ya shigo gidan nan tun babbar 'yar Baba tana sakandare, ga shi yau 'ya'yanta ne ke jan wayarsa. Ya yi aiki a shagon hoto har lokacin da gwiwa ta hana Baba hawan bene, aka rufe shagon, aka dawo da shi kusurwar falo tsakanin firji da taga. Umma, uwargidan Baba, ita ta raɗa masa suna, domin tun zuwansa ba ta taɓa leƙa allon ba tare da ta ga ya rubuta a ɗan dakata ba. Alhajin kuwa girmamawa ce ta shekaru.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da natsuwa. Bai taɓa yin gaggawa ba, ko da gobara ake. Da safe Baba kan danna maɓalli, ya shiga wanka, ya fito ya haɗa shayi, ya saurari labarai, ya ɗan yi faɗa da jikoki, sannan daga kusurwar falo a ji muryar nan mai sanyi: tin-din-din-diiin. Alhaji ya farka ke nan. Ba wai ya shirya aiki ba, a'a, ya dai buɗe ido. In aka yi garajen taɓa shi a lokacin, sai ya ce tum! ya ƙame, a koma farko.

Mai riƙon amana ne. Fuskokin unguwa kaf suna cikinsa: jarirai da yanzu suke da gemu, angwaye cikin kwat ɗin aro, aurarrakin da suka daɗe da mutuwa amma a wurinsa har yanzu ana murmushi an jingina kai da kai. Ya san wanda aka goge wa ƙuraje, ya san wadda aka rage wa kumatu, ya san wanda aka tsayar kusa da motar da ba tasa ba. Bai taɓa tona asirin kowa ba.

Mai karɓar baƙi ne, har abin ya yi yawa. Duk filashin ajiyar bayanai da aka soka masa sai ya ce lale marhabin, kuma duk ƙwayar cutar da ta biyo filashin sai ya ba ta ɗaki. Wasu sun zo kwana ɗaya suka yi shekaru, suka hayayyafa, suka riƙa buɗe tallace-tallace a tsakiyar aiki kamar gidan ubansu.

Amma babban halin da Baba ba zai manta ba shi ne ɗaukar laifin da ba nasa ba. Kwastoma ya zo karɓar hoto alhali Baba ya wuni yana hira a bakin ƙofa, sai Baba ya nuna kusurwar falo da haɓa, ya ce, "Na'ura ce ta tsaya." Marigayin bai taɓa musantawa ba. Sau da yawa ma, don ya rufa wa amininsa asiri, sai ya tsaya ɗin da gaske.

Game da asalinsa, iyalin ba su son dogon bayani. Gaskiya ne cewa wani lokaci shi da kansa yakan rubuta a gefen allo cewa akwai shakku a kan takardunsa. Baba kan rufe rubutun da ɗan littafi, ya ce ba a tonon asalin dattijo.

Ciwon ajalinsa ya fara ne tun da waɗanda suka ƙera shi suka daina aiko masa da magani, suka ce ya tsufa, a nemi sabo. Sabon nasu kuwa ya ce akwatin Baba ya yi masa ƙanƙanta, ba zai zauna a ciki ba. Daga nan Alhaji ya fara mantuwa. Yakan ce yau shekarar da aka haife shi ce. Numfashinsa ya yi nauyi, fanka na fuuuu kamar mai hawan tudu, cikinsa na kirr-kirr-ƙaƙas. Baba ya yi jinya iyakar ƙoƙarinsa: ya kashe ya kunna, ya hure ƙura, ya ɗan mari gefen akwatin cikin ladabi, har fankar ɗakinsa ya sadaukar ya zauna cikin zufa.

Ana cikin haka sai wata mata ta yi sallama. Matar mai gyaran agogo ce, wanda ya rasu ɗansu yana goye. Ruwan sama ya taɓa shiga ɗakinta ya cinye hotunansu duka. Yanzu ɗan ya zama magidanci, an yi masa haihuwa, kowa na cewa jaririn kakansa ya ɗauko sak, shi kuwa bai san fuskar da ake nufi ba. Ta tuna mijinta ya taɓa ɗaukar hoto a shagon Baba.

"Yana nan," in ji Baba, yana dukan ƙirji. "Abin da ya shiga cikin Alhaji ba ya ɓata. Ki dawo ranar Asabar da yamma."

Tana fita ya danna maɓalli. Ya yi wanka duk da ya riga ya yi, ya sha shayi, ya sake sha. Ba a ji tin-din-din ba. Fuskar Alhaji ta yi shuɗi, ta cika da rubutun da ba mai iya karantawa. Baba ya zauna ya zuba masa ido. Maganar nan da ya shekara yana faɗa wa mutane, na'ura ce ta tsaya, yau ta zama gaskiya tsantsa, kuma yau ce ranar da bakinsa ba zai iya furta ta ga matar nan ba. Abincin rana ya huce a gabansa, na dare ma haka.

Umma ce ta kira babbar 'yarsu, ita kuma ta turo mijinta, wanda aikinsa ke nan, kula da kwamfutoci a wani asibiti. Surukin nan ya daɗe da sanin halin da Alhaji ke ciki, kunya ce ta hana shi magana. Ranar Asabar da safe ya iso, ya cire takalmi tun daga waje, ya ƙi kujerar da aka ba shi. A durƙushe ya duba mara lafiya, hannu a sama kan tebur, kai a ƙasa.

"Baba, sai haƙuri," in ji shi. "Akwatin garau yake. Tsarin ne ya gaji."

"Za a iya ceto shi?"

"Hotunan dai, in Allah ya yarda. Shi kuwa..." Sai ya kama kallon ƙafar tebur.

Ya ciro ɗan filashi daga aljihu, ya yi bayani a hankali kamar mai neman aure. Akwai wani tsari, in ji shi, da mutane daga ko'ina cikin duniya suka haɗu suka gina, suka bar ƙofarsa a buɗe. Kowa na iya leƙawa ya ga yadda aka ƙera shi, wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya so ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Ba ya raina tsohon akwati, kuma ba a sayensa.

"Ba a saye?" Baba ya gyara zama. "To su masu yin, me suke ci? Yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Haka ne, Baba," in ji surukin, wanda bai taɓa cewa ba haka ba ne a gidan nan.

Daga kicin Umma ta ɗaga murya. "Ni dai na ji masu iya magana na cewa sabo turke ne. Ban ƙarasa ba, saboda akwai baƙo."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Amma ya tuna matar nan za ta dawo da yamma, sai ya ɗaga hannu alamar a gwada.

Aka soka filashin, aka tayar da na'urar ta cikinsa ba tare da an tashi Alhaji ba. Kafin Baba ya gama goge tabarau, allo ya haska, ga hotunansa nan reras, babu wanda ya yi ciwon kai. Surukin ya kwashe su duka zuwa wata ma'ajiya ta dabam. Neman mai agogo ne ya ɗauki lokaci, domin Baba ya sanya wa jakunkunan hotunansa suna Sababbi, da Sababbi Biyu, da Sababbi Na Gaske, da Kada A Taɓa. A cikin Kada A Taɓa aka same shi, tsakanin wani ɗan ƙwallo da wasu tagwaye: siririn mutum, gilashin aikinsa a goshi, yana dariya har da wushirya.

"Shi ne," in ji Baba a hankali. "Na ce ya cire gilashin, ya ce in ya cire ba wanda zai gane shi."

Daga nan allon ya yi tambayar da ta rage: a goge tsohon tsari gaba ɗaya? Surukin ya janye hannuwansa ya ɓoye su a bayansa.

"Baba, ba ni zan danna ba."

"Ai kai ne likitan."

"A gafarce ni, Baba. Ba zan so a riƙa nuna ni a taron dangi ana cewa ga wanda ya kashe wa surukinsa amini ba."

Baba ya ɗora yatsa a kan maɓallin. Ya dubi matashin kujerar da ya lotse saboda zaman jira, ya dubi da'irar kofin shayi da ta zauna daram a kan tebur. Sannan ya kawar da kai wajen taga ya danna. Alhaji bai yi wasiyya ba. Ya ce kirr sau ɗaya, ya yi shiru.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, Firinta, wadda ta shiga takaba nan take ta ƙi kula sabon tsari. Sai da surukin ya yi ta lallashi har la'asar kafin ta yarda ta fitar da takarda ɗaya, ita ce hoton mai agogo. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai, har da wushiryar," sannan ta sa a cikin mayafi ta fita ba ta iya ƙarasa godiya ba. Marigayin ya kuma bar ƙanensa Maus, mai ciwon danna dama. Da Kibod, wanda harafi ɗaya ya shige masa ciki tun shekarar da jika ya zuba masa madara. Da wasan kartar da babu wanda ya san mai buga shi, ko da yake an ga Umma ta share hawaye da aka ce ya tafi. Ƙwayoyin cutar da ya raina sun bi shi gaba ɗaya, ba a samu wanda ya yi musu kuka ba.

Magajinsa, wanda Umma ke kira Ɗan Kyauta, ya kama aiki. Iyalin ba su da abin zargi a kansa sai rashin kara. Baba na danna maɓalli, kafin ya kai ƙofar kicin yaron ya tashi yana jiran umarni, ba sallama ba waƙa. Shayin safe ya rasa gurbinsa. Kwastomomi kuma sun gano labari, yanzu in Baba ya nuna kusurwar falo da haɓa, sai su leƙa su ce, "Ai ga shi a kunne, Baba." Yana ta neman inda aka ɓoye masa almakashin yanke hoto a sabuwar manhajar, yana ƙunƙuni, yana samu, yana jin haushin cewa ya samu.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Da yake babu gawar da za a ɗauka, za a naɗe tsohon faifan da aka fara shigar da marigayin da shi cikin ƙyallen goge tabarau, a sa a gwangwanin biskit, a ɗora a saman kabad ranar Lahadi mai zuwa da safe. Umma ta amince da bayar da gwangwanin bisa sharaɗin a nemo wa zare da alluranta wani wuri. Za a karɓi gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa kada su ce dama ai ya daɗe da mutuwa, domin an riga an faɗa, kuma ba a ji daɗi ba.

Ana kuma sanar da cewa maƙwabcin gidan, mai kemis, ya riga ya zo ta'aziyya jiya da tasa tsohuwar kwamfutar a hammata, yana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Surukin ba ya nan. Baba ya dubi mutumin, ya dubi abin da ke hammatarsa, sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko filashin da surukin ya bar masa.

"Ajiye ta nan," in ji shi. "Kwashe kayanka na ciki tukuna, ka yi wa tsohon tsarin bankwana a tsanake. In hannunka ya kasa, ni zan danna maka."

Saboda haka za a haɗa jana'izar biyu. Gwangwanin zai ɗauka.