Dodon Koɗin da Ya Mayar da Ni Bakin Ƙofa

Har in mutu ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya raba ni da inuwa a Doha. A 2006 ne, ina gadin ƙofar wani otal a West Bay, shekara uku rana tana gasa ni. Sai otal ɗin ya buɗe zauren nuna hotunan halittun teku, ana neman mai gadi ɗaya da zai tsaya ciki, cikin sanyin na'ura, ya ɗan yi wa baƙi bayani.

Na je na ce ni ɗan masunta ne daga Yawuri. (Ni ɗan Gumel ne. Ko kududdufin bayan gidanmu ban taɓa shiga ba.)

Mai zauren, Ustaz Usman, Basudane ne mai jin Hausa. Ya tara mu huɗu gaban bango. Hoto biyu ne manya, girmansu ɗaya. Na farko karen teku, wata dabba mai gashin baki, jiki kamar buhun gero, ba ƙafar kirki. Na biyu dodon koɗi, ya cika hoton fal.

Ustaz ya dube ni ya ce, "Yalla, maza, ɗan masunta, kwatanta mana su."

Na gyara hula. Na ce ai wannan karen yaro ne a gaban dodon. Na ce dodon guda ɗaya sai ƙarti shida suke jawo shi, namansa ya ciyar da unguwa, a cikin ƙoƙonsa kuma kakata take wanka.

Garba Bazazzage, abokin ɗakina da shi ma yake neman aikin, ya ce, "Kai Malam, har da kakar taka?" Na ce ya rufe min baki, me ya sani.

Ustaz bai yi dariya ba. Ya buɗe wani ɗan akwati kamar na ashana, ya juye ainihin dodon koɗin a tafin hannuna. Bai kai ƙwayar wake ba. Ashe hoton aka faɗaɗa. Karen kuwa, in ji shi, ya fi ni nauyi da takalmina.

"Allah ya jiƙan Hajiya kakarka," ya ce. "Ƙarama ce ƙwarai. Khalas, shi ke nan, koma ƙofa."

Garba ne ya samu aikin, mutumin da aka tambaye shi game da hotunan bai ce komai ba sai "ban sani ba". Ni kuwa shekara biyu na ƙara a rana, ana kirana Jikan Hajiya.

Yanzu ko giwa aka nuna min a hoto, sai na ce a kawo ta in gani.