Nomau Mai Cire Ciyawa

A ƙauyen Gidan Kwari akwai wani saurayi Nomau, ɗan Malam Dikko maƙeri. Ƙarfi gare shi kamar sa, amma abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da damina ta sauka, ya ce zai fara sana'ar cire ciyawa a lambunan gidaje. Uban ya ƙera masa fartanya, ya ce, "Gida uku na ba ka. In ba wanda ya sake kiranka, ka dawo zuga wuta har ka tsufa." Nomau kuwa ba abin da ya tsana kamar zugazugi. Ya saɓa fartanya ya fita da gudu, murna kamar ta kashe shi.

Wata rana Gwaggo Tabawa ta kira shi. Ta ce, "Duk abin da ban shuka ba, cire shi." Nomau ya cire ciyawa tas, sannan ya leƙa ya tambayi jikarta wa ya shuka rogon nan. Ta ce maigidan ne. Kafin azahar rogo ya kwanta. Gwaggo ta fito ta tarar yana saran gindin mangwaro, ta ɗora hannu a ka tana salati.

Wata rana malamin firamare ya ce, "Share lambun nan, kada in dawo in ga ganye ko ɗaya." Nomau ya share ƙasa fes. Da ya ɗaga kai, kai, ga ganye cike da zogale! Ya hau ya tsige su ɗaya bayan ɗaya. Matar malam ta biyo shi da muciya har bakin titi.

Saura gida ɗaya, hankalin Nomau ya tashi ƙwarai.

Wata rana tsoho Baba Jatau ya nuna masa ƙiri-ƙiri, ciyawar nan mai yaɗo. Ya ce, "Yaro, bi saiwarta har inda ta ƙare." Nomau ya duƙa yana haƙa. Saiwa ta fita ta ƙarƙashin danga, ya bi ta. Ta ratsa hanya, ya bi ta. Kafin la'asar ya haƙa dogon lambatu har rafi. Baba Jatau ya ce gobe sai gaban mai gari.

Kafin magariba aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gidajen layin duk suka cika, katanga biyu suka zube. Ruwan gidan Baba Jatau kuwa ya bi lambatun Nomau ya wuce rafi abinsa.

Da safe ƙofar maƙera ta cika da mutane, Gwaggo Tabawa a gaba, kowa na kiran Nomau. Malam Dikko ya washe baki ya ce, "Maza, je ka yi musu irin na jiya!"

Nomau ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai gidajensu babu ciyawar ƙiri-ƙiri. Sai na shuka musu tukuna."