Goron da Ke Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa rusa wa 'yata aiki da ɓarin goro ba. Hadiza ce, autata, malamar jami'a, wai injiniyar kayan asibiti (ni da na tsaya a aji huɗu, na daɗe ina zaton gadon marasa lafiya take gyarawa). Ta yi shekaru tana haɗa wata 'yar na'ura kamar agogon hannu, mai sauraren bugun zuciya. Ranar nan manyan farfesoshi za su gwada ta. In ta yi, a ba Hadiza damar ci gaba da bincikenta. In ba ta yi ba, wahalar ta tashi a banza.

Tsoho mai lafiyayyar zuciya take nema don gwajin. Na bugi ƙirji.

"Baba, sharaɗi ɗaya. Ban da goro tun asuba, yana sa zuciya gudu."

Na ce, "Ni da na zo Abuja tun ana kwaso kujerun gwamnati daga Ikko, goro ne zai gagare ni?"

Daga Gwarinpa muka faɗa cunkoso, baki ya yi tsami. Akwai ɓari a naɗin hulata. Na ce ɗan guntu ai ba goro ba ne. Guntu kuwa ya kira 'yan'uwansa.

Aka ɗaura min na'ura, aka haska zuciyata a bango, kowa na kallo. Layin da ke nuna bugun ya kama tsalle kamar akuyar da ta hango mahauci. Tsoro ya ƙara masa mai. Wata farfesa ta sauke tabarau ta ce, "Dakta, dattijo na zaune lafiya, na'urarki ta ce gudu yake. Ba ta da saiti."

Hadiza ta sunkuyar da kai. Ko kallona ba ta yi ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Na miƙe, na cire hula a gaban jama'a (da sanƙona da komai), na zazzage sauran goron a tebur. "Ranki ya daɗe, na'ura gaskiya ta faɗa. Maƙaryacin ga shi a tsaye."

Farfesar ta danne dariya, ta kama wuyan hannuna, ta gwada da agogonta. Bugun ya zo daidai da na bango. Hadiza ta tsallake.

A mota ta ce, "Baba, akwai wani gwajin gobe. Ba da hula za ka zo ba."

Darasin da na ɗauka: in za ka yi wa 'yarka ƙarya, yi tun tana ƙarama, kafin ka biya mata makaranta ta ƙero abin kama ka.