Rasuwar Ƙaramin Jerin Yaran Rurum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Ramlatu Ishiyaku, mai rabon maganin zazzaɓin damina ga yaran Rurum Sabon Gari, ke sanar da rasuwar ƙaramin jerin sunayen da ya shekara biyu a wayarta. Ya cika ranar Laraba da hantsi a tafin hannunta, tana goye da 'yarta Jannatu.

Marigayin ɗa ne ga babban jerin da ke kwamfutar ofishin lafiya na Rano. Daga jikinsa aka yanko shi, yara ɗari biyu da sha huɗu, sunan yanka da shekaru kawai. Ramlatu ce ta raine shi. Da yake uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mai sunan kaka kuma ba a kiransa gatsal, sai ta bi gida-gida tana ƙara masa laƙabi: wannan Fatimar ana ce mata Ummi, waccan Hajiyayye, ta rugar Manu kuwa Inna. Ta sa jar alama a kan yara uku da maganin ya kumbura wa fuska bara, don kada a sake ba su. Duk Juma'a yakan gaida mahaifinsa, ya kai gyara, ya karɓo gyara, ya ce "ƙit". Bai taɓa ɓatar da ɗan kowa ba.

Ciwon ajalin ya fara ne da ɗaukewar sabis na mako uku. A tsakanin nan aka sake wa yara lambobin rajista a Rano. Ranar da sabis ya dawo, uban bai gane ɗansa ba, ya share shi tas, ya shimfiɗa kansa a gurbinsa. Ramlatu ba ta ajiye kwafi ba, kuma wannan laifin ba ta ɗora wa kowa.

Ya bar mahaifinsa cikin ƙoshin lafiya, bai ma san an yi rashi ba. Ya bar Fatima goma sha ɗaya da ba a iya bambancewa, da yara ukun nan. Biyu Ramlatu ta tuna su. Na ukun ko mace ce ko namiji, ya kwance mata, ga rabon magani ranar Asabar.

Babu gawar da za a kai, ba kuma zaman makoki, mai makokin tana yawon gidaje. Mai son yin ta'aziyya ya tambayi matan gidansu: wane yaro ne fuskarsa ta kumbura bara bayan shan magani? A kawo mata sunansa, kowanne ake kiransa da shi. Kafin nan, kwalin maganin yana ƙarƙashin gadonta a kulle, ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba.