Hatimi Tara a Gidan Gilashi

Jiya da sassafe na nufi sabon ginin hukuma, wanda Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanke wa kintinkiri har sau uku, don a buga wa takardar 'yata hatimi. Makarantar koyon jinya ta ce in takardar ba ta iso kafin azahar ba, gurbinta ya tafi. Uwar yarinyar ta raka ni bakin ƙofa, ta ce kada in dawo mata hannu rabbana.

Ginin nan, jama'a, gilashi ne daga sama har ƙasa, ya karkace kamar mai ciwon baya. Sau biyu na zagaya ina neman ƙofa, har na gaida kaina a bango. Maigadi ne ya tausaya mini, ya tura wani gilashi da kafaɗa.

"Baba, yau ba aiki," in ji shi. "Fim ake ɗauka a kan wanda ya zana ginin."

A ciki kuwa ga kyamarori, ga wayoyi, ga fitilu. Mai zanen yana tsaye cikin baƙaƙen kaya, da mayafi a wuya, yana shafa ginshiƙi kamar mai lallashin jariri.

"Na hana tagogin buɗewa ne don ginin ya yi numfashi ta ciki," yake gaya wa kyamara, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ban sa kujeru ba, saboda zama yana kashe tunani."

Aka tambaye shi matakalar da ta hau ta ƙare a jikin silin. Ya ce wannan burin ɗan ƙasa ke nan. A nan kam na yarda da shi.

Maigadi ya raɗa mini cewa ma'aikatan suna bayan gini. Can na tarar da wani akawu a gindin mangwaro, ya danne fayil-fayil da duwatsu.

"Tun da aka buɗe ginin muke nan," ya ce. "Ciki ba ya zaunuwa, mutum biyu suka suma ranar farko. Hatimin kuwa, 'yan fim sun ara tun shekaranjiya."

Na koma ciki. Daraktar fim ɗin ta hango ni, rigata ta jiƙe sharkaf, takarda a hannu.

"Ga irin wanda nake nema," ta ce. "Waɗanda aka ɗauko mana su fito a talakawa duk sun cika ƙiba. Baba, za ka iya yin kamar kana neman hatimi?"

Na ce zan gwada.

Aka zaunar da wata 'yar wasa a bayan kantar ofis. Na miƙa takarda, ta ɗaga hatimin hukuma na gaske ta buga. Darakta ta ce a sake, ban yi murmushi ba. Aka sake, mai zanen ya ce inuwata ta ɓata masa bango. Aka sake, janareta ya mutu. Sau tara muna yi, kowane karo tana bugawa.

Saura minti goma azahar ta yi na isa makarantar. Magatakarda ya dubi takardar, ya ga hatimi tara, ya miƙe tsaye, ya jawo mini kujerarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "da ka aiko direba ai ya isa."

Yarinya dai ta samu gurbi.

Da yamma maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda takardar filinsa ta kwana wata biyar a gindin mangwaron nan, ya zo neman shawara.

"Wa ka sani a sama?" ya tambaye ni.

Na ce ban san kowa ba, amma na ji mai zanen ya gina asibiti ma, kuma Talata mai zuwa can za su ɗauki fim. Shi ya jira 'yan fim su dawo ta kansa. Ni dai na riga na gaya wa surukata ta daure da ciwon ƙafarta zuwa Talata.